Bokitin da Auta Ta Bari a Rana

Baban Auta mahauci ne. Kullum yakan dawo gida da ƙasusuwa da guntayen fata. Aikin Auta shi ne ta wanke su tas, ta zuba a bokiti mai murfi, ta sa a firiza. Ran Asabar wata mata daga masana'antar magani takan zo da mota ta kwashe.

Auta ba ta son aikin nan ko kaɗan.

"Baba, ƙashi ne fa! Wa zai damu da ƙashi?"

"Ke dai ki sa su a sanyi da wuri," in ji Baba. "Kada rana ta taɓa su."

Ran Alhamis, ta gama wankewa ke nan sai ƙawarta ta leƙo da igiyar tsalle. Auta ta ajiye bokitin a bakin famfo, ta ce minti biyar kawai. Minti biyar ɗin Auta kuwa, kowa a gidan ya san tsawonsa. Sai da yamma ta tuna. Tana buɗe murfin, wari ya buge ta. Ta sake ɗauraye su, ta tura cikin firiza, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ran Asabar matar ta zo. Kafin a ɗora kaya, ta shiga gaida Kaka. Ƙashin Kaka ya yi rauni, likita ya ce ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum. Matar ta hango kwalbar a kan tebur.

"A'a, Kaka, ashe namu kike sha!"

"Naku, Anti?" in ji Auta.

"Ƙwarai. Daga irin ƙasusuwan da kike wankewa ne. Mukan dafa su, mu fitar da wani abu mai danƙo, sunansa kolajin. Sai mu farfasa shi ƙanana, mu haɗa da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Shi ne wannan ƙwaya."

Kaka ta dubi Auta, ta yi dariya. "Ashe ƙawata ce likitana ban sani ba!"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta dubi kwalbar, ta dubi Baba yana ɗaukar bokitin zuwa mota. Kunya ta rufe ta.

"Anti, in ƙashi ya yi wari, aka sa shi a firiza, yana gyaruwa?"

"Ina! Warin ne kawai zai ɓuya."

Auta ta fita da gudu. "Baba, tsaya! Kada ka ɗora. Na bar su a rana wuni guda."

Baba ya sauke bokitin a hankali. "Me ya hana ki faɗa tun ranar?"

"Tsoro na ji, Baba. Ka yi haƙuri."

"Da an zuba su a tukunya, da sai an zubar da duka, har da na sauran mahauta," in ji matar. "Kin kyauta da kika faɗa."

Aka binne ƙasusuwan a bayan gida. Auta ta wanke firiza ita kaɗai, ta kuma yi mako guda ba tsallen igiya.

Asabar ta gaba, matar ta buɗe murfin, ta shinshina, ta yi murmushi. Auta ta koma ɗaki ta miƙa wa Kaka ruwa da ƙwayarta. A ranar ta gane cewa babu ƙaramin aiki, kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, kafin ya cuci wani.

"Sha, Kaka," in ji ta. "Likitanki ta daina wasa da aiki."