Madarar da Ba Ta Isa Gindin Gawo Ba

"Na ce miki maƙwabta ne ke daka."

"Wace maƙwabciya ce ke daka da magariba, Baban Raliya? Kuma a ƙarƙashin tabarmata?"

"To kunnenki ne."

"Kunnen nawa ne ya kifar da tulu?"

Abdulgani ya kasa kunne, matarsa Habiba na kallonsa. Rana ta faɗi, kaji sun hau, gari ya yi tsit, sai sautin ya sake tasowa daga ƙarƙashin tsakar gida. Dum. Shiru. Dum. Ya san wannan sauti kamar yadda ya san tarin kansa, domin shi ke riƙe da injin da ke kafa turakun sabuwar gada a kwarin Tarka. Yashin kwarin ba ya ɗaukar nauyi, don haka sai a tsayar da dogon bututun ƙarfe, injin ya ɗaga guduma ya sake ta a kansa, bututun ya yi ta nitsewa har ya tarar da ƙasa mai tauri ya ƙi gaba, sannan a cika shi da kankare. Amma shantiye, wurin aikin gadar, na can bayan gari, kuma da hannunsa ya kashe injin tun la'asar.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. A garin nan ko rijiya ba a haƙawa sai an yi wa masu wuri sallama: a zuba musu madara a gindin gawo, a ce su kwashe 'ya'yansu. Ranar turken farko, surukinsa Barmo ya tatsi saniyarsa da kansa, ya miƙa masa ƙwarya a gaban dattawa. Hanya ta yi tsawo, rana ta yi zafi, ga shi bai karya ba. Kurɓa ɗaya ya yi niyya. Da ya isa gawon, kumfa kaɗai ta rage. Ya dawo ya ce ya zuba.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Habiba ta je sauke tuwo, ta tarar da huda a tukunya, zagaye sumul, daga murfi har gindi. Ta ajiye tukunyar a gabansa.

Daga nan abin ya koma kan Raliya, 'yarsu ta fari, yarinyar da ba ta iya zama shiru ko a zaman makoki. Ta zauna a bakin ƙofa ta daina magana. Duk lokacin da ƙasa ta ce dum, kanta sai ya nitse tsakanin kafaɗunta, kamar ita ake bugawa. Abdulgani ya kira sunanta, ta dube shi da idon da bai sani ba. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya tuna fuskar Barmo, ya haɗiye ta.

Habiba ta aika aka kira mahaifinta Barmo, ya zo tare da Malam Ila. Malam ya sa garwashi, ya zuba turare, ya dafa kan yarinyar ya yi ta karatu a hankali har duhu ya rufe danga. Can Raliya ta miƙe wuya, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ka ƙona ni ya isa, Malam."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni ce mai ɗakin da ke ƙarƙashin kwari. Ƙarfe ya faso rufina, ya bi ta cikin tukunyata, jikana na kwance a gefe. Ba sallama."

"An yi muku sallama," in ji Barmo. "Da hannuna na tatsi madarar."

Raliya ta tashi. Ta buɗe ƙafafu, ta turo ciki gaba, ta fara tafiyar ubanta sak, har da ɗan jan ƙafar hagu. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ɗaga ƙwaryar da babu ita, ta ce da muryarsa, "Bismillahi, kurɓa ɗaya tak." Maƙogwaronta ya yi ta hawa yana sauka, ya daɗe yana yi. Ta sauke, ta leƙa ciki, ta sake ɗagawa. Sannan ta yi gyatsa, ta goge gashin bakin da ba ta da shi da hannun riga.

Habiba ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdulgani ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido.

"Me kike so ki fita?" in ji Malam.

"A cire ƙarfen."

"Ba ya ciruwa," Abdulgani ya ce ƙasa-ƙasa. "An zuba kankare."

"Ki nemi abin da ɗan Adam zai iya," in ji Malam.

Tsohuwar ta nuna Abdulgani. "Kowane turke da sallamarsa. Shi zai ɗauko ƙwarya a ka, tsoho na bin sa a baya, kada ya yi ƙishi. Amma ba na fita sai ya faɗa da bakinsa."

Abdulgani ya dubi 'yarsa, kanta na nitsewa, leɓenta ya bushe. Ya juya wajen da surukinsa ke zaune, bai ɗaga ido ba.

"Baba, na sha."

"Ban ji ba," in ji tsohuwar.

"Na shanye."

Raliya ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Suka kasa kunne. Ƙasa ta yi shiru, sai kukan gyare. Yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Barmo ya lalubi sandarsa ya miƙe. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Ɗana, ko kurɓa ɗaya ba ka rage musu ba?"

Abdulgani ya sosa ƙeya.

"Baba, ai ko sukari babu a cikinta."