Hukuncin Tsofaffin Benci

"Kowa ya kwanta! A kwanta na ce!"

Mutum ɗaya ce a shagon, kuma ba ta kwanta ba. Dinka mai sayar da agoguna ta dubi bakin bindigar Jere, ɓarawon da ya daka tsawar, ta dubi ƙasa.

"Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, ɗana. Sai dai in zauna."

Lovre, ogan tafiyar, ya daki gilashi da guduma, tas! Ya shiga kwasar agogunan zinare, irin waɗanda masu manyan jirage ke saya idan sun gaji da kallon ruwa. Minti biyu suka fito a guje.

Ƙarfe goma da rabi na safe ne. Lovre ya zaɓi lokacin, don ya san a garin Zadar babu ɗan sandan da zai bar soyayyen kifinsa na hantsi saboda agogon wani. Titin bakin ruwa kuwa motoci sun cushe shi, don haka ta teku za a fece.

A ƙarshen gadar katako ta uku Vicko na jira cikin ƙaramin jirginsa, inji a kunne, safar mace a fuska. Shi ba ɓarawon gado ba ne, Lovre mijin ƙanwarsa ne ya ja shi da daɗin baki. Kurkuku ba ta ba shi tsoro sosai. Abin da yake tsoro shi ne bencin da ke gaban ofishin tashar, inda tsofaffin matuƙa huɗu ke yini suna kallon shiga da fitar kowane jirgi, suna yanke hukunci. Abin da suka faɗa a kanka shi ne sunanka har kabari. Akwai wanda ya taɓa dukan gada shekara arba'in da suka wuce, har yau 'yan gidan Gwaf ake kiran jikokinsa. Vicko kuwa shekara talatin yana tuƙi bai taɓa ba su abin faɗa ba, kuma da wannan yake taƙama a duniya.

"Barka da hantsi, Vicko!" Barba Bepo, babban 'yan bencin, ya ɗaga sandarsa. "Mura kake yi ka rufe fuska?"

Kafin ya amsa, su Lovre suka diro cikin jirgi — dim! dim!

"Mu ware!"

"Tsaya," in ji Vicko, "na saki igiyar gaba, sai ta nutse tukuna, in ba haka ba farfela—"

"Dalla rufe mana baki!"

Jere ya zaro wuƙa ya datse igiyoyin baya. Lovre ya kai hannu ta kan kafaɗar Vicko ya danna wuta. Jirgi ya zabura. Iskar da ke gangarowa daga duwatsu ta tura shi gefe, ya gogi cikin farin jirgin maƙwabci tun daga kai har gindi — ƙiiiii!

Tsofaffi huɗu suka miƙe tsaye. Rabon da a ga haka tun ranar da jirgin kankana ya kife.

A gidan abinci na bayan kasuwa, Sufeto Nevenka ta ji labarin fashin, ta ajiye cokali da baƙin ciki. Ta yanko a ƙafa, kurata biyu na binta suna tauna. Ko da suka iso gadar, jirgin ya kusa bakin mafita. Nasu jirgin sintirin yana kan tudu ana yi masa fenti.

"Shi ke nan," in ji ta, tana haki. "Sun tsira."

Sun tsira ɗin kuwa. Teku ce shimfiɗe a gabansu, da tsibirai barkatai inda mutum zai ɓace kamar allura. Jere har ya fara waƙa. Sai muryar Barba Bepo ta biyo su bisa ruwa, muryar da aka horar a cikin hadari:

"Vicko! A bahon wanka ka koyi tuƙi? Hannu ya mutu, jama'a! Wanda ya fita haka, na rantse ba zai iya shigowa da baya a wannan iskar ba!"

Dariya ta tashi daga benci, ta bazu har kan masu shan kofi.

Vicko ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya cire safar ya jefar. Ya murza sitiyari.

"Kai, kai, ina za ka?" Lovre ya ɗora masa bindiga a ƙeya. "Suruki, ka haukace ne?"

"Ba ni na yi wannan fitar ba, kai ne. Amma sunana za a kira."

"To a kira mana! Muna da agogo sittin!"

"Harba. Sai ka tuƙa."

Lovre ya dubi gada, ya dubi kakin 'yan sanda. Ya miƙa wa Jere bindigar.

"Riƙe min, ɗan'uwa, ina zuwa."

Ya rungumi jaka ya faɗa ruwa — tsulum!

"Oga! Oga, ban iya ruwa ba!" Jere ɗan ƙauyen tudu ne. Ya zauna daɓas ya ƙanƙame bokiti.

Vicko bai ko waiwaya ba. Ya juya gindin jirgi ya saita gurbinsa, tsakanin jirage biyu, wurin da ko tabarma da ƙyar ta shiga. Iska na tura shi, yana ba ta kaɗan yana karɓewa. Tasha ta yi tsit. Jirgi ya sulala da baya, a hankali, bai taɓa hagu ba, bai taɓa dama ba, ya tsaya cak saura taƙi ɗaya ya kai gada.

Ya wurga sabuwar igiya. A nan garin duk wanda ke tsaye a gada shi ke cafe igiyar mai shigowa, ko da ba sa ga maciji. Sufeto Nevenka ta cafe, ta ɗaure a turke ɗauri mai kyau, sannan ta tuna ta ciro ankwa.

Lovre kuwa zinare ya ja shi ƙasa, ya saki jakar, wani mai kamun kifi ya tsamo shi da ƙugiya ta wando. Shekara bakwai aka ba shi, matarsa ta koma gidan uwarta. Jere ya sami biyar. Vicko huɗu, aka kuma ƙwace jirgin.

Ranar da za a wuce da shi, a bayan mota, ya matso kusa da ragar ƙarfen da ta raba shi da Sufeto Nevenka.

"Ranki ya daɗe, don Allah tambaya ɗaya. Kina kusa da bencin. Me Barba Bepo ya ce?"

Sufeto ta waiwayo. Ta so ta yi masa ƙarya, amma ta san kafin sati labari zai kai masa.

"Ya ce iska ce ta taimake ka."

Vicko bai yi kuka a gaban alƙali ba. A nan ya yi.