Mage Mai Sallama

A wani zamani, a wani gari, an yi wata tsohuwa da ɓeraye suka addabi geronta. Ta kira kafinta ta ce, "Ɗan nan, huda mini ƙofar baya. Gwiwoyina sun gaji da tashi buɗe wa mage." Ta shiga maƙwabta.

Kafinta ya auna taki ɗaya, ya huda, ya rataya 'yar fata ta zama marfi. Mage ta zo, ta yi kuka, ta juya.

"Kafar ta yi kaɗan," in ji kafinta. Ya ƙara taki. Mage ta zo, ta yi kuka, ta juya. Ya sake ƙarawa, sai akuya ta kutsa ta hau cin gero.

Abin ya ɗaure masa kai. Ya ajiye zarto, ya zauna ya zuba ido. Tsohuwa ta dawo tana korar akuya, mage ta zo, ta yi kuka.

"Wa alaikumus salam, shigo," in ji tsohuwa. Mage ta ture fata ta shige abinta.

"Iya, ashe sallama take yi?"

"To da fa? A hannuna ta tashi. Maza mayar da kafar nan taki ɗaya, akuyar ce ba ta da tarbiyya."