Idon Ruwan da Raimo Ya Binne

Yammacin wata Litinin ce, Sinikka ta sauke sabon dankali da soyayyen kifi a teburi, ta buɗe tagar kicin domin zafin murhu ya fita. Tsakiyar bazara ce, lokacin da rana ba ta faɗuwa gaba ɗaya a wannan ƙasa ta can arewacin duniya, sai dai ta rataya a bakin tafki ta yi ja, magariba ta yi ta jan ƙafa ta ƙi zama dare. Mijinta Raimo ya zauna da rigar aiki a jikinsa, hannunsa duk koren ciyawa. 'Yarsu Kaisla tana gefe tana shafa man shanu a baƙin burodi. A gidan nan nasu na Korpela an daɗe ba a hira a kan abinci.

Sai ƙarar sarƙa ta taso daga daji.

Duk sun san ƙarar. Filin wasan jefa faifai na Raimo ya ratsa dajin bayan gidan, kwandunan ƙarfe tsaye a tsakanin itatuwa, kowanne da sarƙoƙi a rataye, waɗanda faifai ke bugawa kafin ya faɗa ciki. Amma filin a rufe yake, domin ranar Asabar za a yi babbar gasa, masu kyamara za su ɗauka a nuna wa duniya.

Raimo ya buga cokali a teburi. "Wane ɗan iska ne a filina? Na kafa allo, na ɗaure igiya, na ce kada wanda ya taka min ciyawa!"

Ya fita ko takalmi bai ɗaure ba. Ya bi ƙarar har kwando na bakwai, can cikin kwari. Babu kowa. Babu faifai a kwandon, babu sawu a ciyawa, iska ma ba ta motsi. Sarƙoƙin ne kawai ke lilo a hankali, ruwa na ɗiga daga jikinsu.

Wannan kwarin shi ne ciwon Raimo. Akwai idon ruwa a gindinsa tun kafin a gina gidan, ruwan da ba ya daskarewa ko a tsananin sanyi. Bara an yi ruwan sama ranar gasa, wurin ya zama taɓo, 'yan wasa suka yi ta santsi, wani gwani daga birnin Tampere ya faɗi rigingine a gaban kyamara. Mai sharhi ya yi dariya har ya kasa magana, ya ce wannan ba fili ba ne, garken aladu ne. Hoton ya zaga ko'ina. Raimo, wanda ya yi shekaru yana sassabe da yankan ciyawa da hannunsa, ya shiga kanti sayen kofi ya ji samari suna kukan alade a bayansa. Jarkko, shugaban masu ɗaukar gasar, ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya gyara kwando na bakwai, ko kyamara ba za ta sake shiga Korpela ba.

Da ƙanƙara ta narke sai Raimo ya kira tifa. Sinikka ta sha gabansa ta ce kakarsa ba ta taɓa ɗibar ruwan nan ba sai ta nemi izinin mai ruwan, ya ce kakarsa ba ta taɓa zama abin dariya a talabijin ba. Kaisla ma ta yi masa gardama, ita da za ta shiga gasar manya karo na farko a bana. Bai saurari kowa ba. Aka juye tsakuwa a idon ruwan har ya toshe, aka zuba ƙasa, aka shimfiɗa ciyawa. Wurin ya kwanta lumui kamar darduma.

Yana dawowa daga kwarin a yammacin nan, ya sa ƙafa a baranda, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo. Sai suka ɓarke gaba ɗaya. Sinikka ta rufe tagogi, duk da haka wata tsakuwa ta faɗo a tsakiyar teburi, cikin kwanon kifi, ba a ga ta inda ta shigo ba. Kaisla ta ɗauka. A jiƙe take, sanyinta kamar daga ƙasan rijiya aka ciro ta.

"Baba, tsakuwarka ce," ta ce a hankali.

"Ki yi min shiru! 'Yan filin tsallaken tafki ne. Gasar suke so ta koma wajensu, 'yan baƙin ciki."

Ya ɗauki bindigar farauta ya zaga gidan yana zagi, yana kiran sunayen maƙwabta, yana cewa su fito idan sun haifu. Ba wanda ya fito.

Washegari ma haka. Rana na yin ja, sarƙa ta yi ƙara, tsakuwa ta zubo. Bayan ta lafa sai aka ji motsin ruwa a ƙarƙashin daɓen katako, da wata murya a cikinsa kamar ta mai magana an toshe masa baki. Sinikka ba ta runtsa ba. Raimo kuwa da safe ya share tsakuwar, ya hau injin yankan ciyawa, fuskarsa a murtuke.

Ranar Laraba Kaisla ta rataya jakar faya-fayanta ta ce za ta gwada hannu kafin baƙi su iso. Uwarta ta ce kada ta gangara kwari. Ta ce, "Mama, ranar Asabar dole in yi jifa a can, gara in san wurin." Ba ta dawo ba sai da haske ya dushe. Sinikka ta hango ta ta taga tana tahowa a hankali, babu jaka, wandonta a jiƙe har ƙugu, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. Ta shigo ta tsaya a tsakiyar kicin. Ta dubi ubanta kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta buɗe baki, tsakuwa ta faɗo daga ciki ta gangara ƙarƙashin teburi.

Suka kai ta asibitin gari. Aka auna, aka duba, aka ce ba a ga komai ba, ta je ta huta. Ta kwanta a bayan mota, jikinta sanyi ƙalau, hannunta na dama, wanda take jifa da shi, a dunƙule ya ƙi buɗuwa. A hanyar dawowa Sinikka ta ce za ta kira Impi.

"Wannan tsohuwar mai yin ƙaho? Gobe Jarkko zai zo kafa kyamarori, ki kawo min bokanya gida a sake yi min dariya?"

"Tsayar da motar," in ji Sinikka. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka juya ka dubi 'yarka, sannan ka sake ambata min sunan Jarkko."

Bai tsaya ba, amma bai hana ta kiran ba.

Impi ta iso yammacin Juma'a a kan tsohon kekenta. Ta haura tamanin, ta yi wa rabin ƙauyen ƙaho, ta kuma gaji uwarta a sanin tsofaffin kalmomin da ake yi wa masu daji da masu ruwa magana da su. Ta wuce motar masu kyamara a bakin fili ko kallonta ba ta yi ba. Ta gangara kwari ita kaɗai, ta dawo, ta dubi Raimo sama da ƙasa.

"Yaro, da hankalinka ka yi wannan aikin?"

"Filina ne, Kaka."

"Za mu ji. Je ka hura wutar ɗakin tururi."

Suka shigar da Kaisla ɗakin wankan tururi da ke bakin tafki, suka zaunar da ita a benci na ƙasa. Hasken magariba na shigowa ta 'yar taga, ja kamar garwashi. Impi ta gitta wuƙa a bakin ƙofa, ta zuba ludayin ruwa a kan duwatsun murhu, ta fara karanta kalmominta ƙasa-ƙasa. Tururi ya tashi, amma ɗakin sai ƙara sanyi yake. Ta daɗe tana yi. Can sai Kaisla ta ɗaga kai.

"Wa ya kira ni?" Muryar ba tata ba ce. Mai kauri ce, tana fita kamar ruwa daga wuyan tulu.

"Ni ce, Impi 'yar Hilja. Wane ne kai, me kake nema a jikin yarinya?"

"Ni ne mai ruwan kwari. Ina nan tun ba a sare itace ko ɗaya ba. Na shayar da shanunsu, na wanke jariransu. Suka kafa min ƙarfe mai ƙara a ka, na yi haƙuri. Suka tattake min baki, na yi haƙuri. Sai wannan," hannun hagun Kaisla ya nuna Raimo, "ya cusa min duwatsu a maƙogwaro. Tun narkewar ƙanƙara ban yi numfashi ba. Don me?"

Raimo ya miƙe. "Don an mayar da ni abin dariya! Kai ka kayar da mutumin nan a gaban duniya! Fita daga jikin 'yata, munafuki, idan faɗa kake so ga ni nan!"

"Zauna," in ji Impi, ba ta waiwaya ba. Ta ce wa aljanin, "Yarinyar ba ta zuba ko tsakuwa ɗaya ba. Ita ma hana shi ta yi."

"Na ji ta. Shi ya sa na bar mata ranta. Hannun zan ɗauka. Ya rufe min baki, na rufe mata hannu."

"Ba za ka ɗauka ba. Faɗi abin da kake so a madadinsa."

"A tumɓuke ƙarafan nan duka. Kada ɗan Adam ya sake shiga dajin."

"Wannan ya yi yawa. Dajin ne ke riƙe da gidan nan, kuma muryar masu wasa a tudu ba ta taɓa hana ka gudu ba. Kwarin naka, tudu nasu."

Ruwa na ɗiga daga gashin Kaisla zuwa daɓe.

"Kwarin nawa. A cire ƙarfen da ke kaina yau. Duwatsun kuma shi zai kwashe da hannunsa, ba da inji ba. Waɗannan idanun gilashin da suka kafa, kada su kalli ruwana."

"Yau?" Raimo ya ce. "Gasar gobe ce fa! Mutane sun taso daga ko'ina, ba a yin gasa da kwando a cire. A bari a gama mana, Litinin sai in..."

Bai rufe baki ba hannun daman Kaisla ya fara murɗewa. Suka ji ƙasusuwan yatsu sun yi ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Ihun da ya biyo nata ne, da muryarta ta gaske. "Baba!"

Sinikka ta juya ta sharara wa mijinta mari. Ya zube a kan gwiwoyinsa a jiƙaƙƙen daɓe. "Na yarda! Yau! Yanzu! Sake ta!"

"Ka ji," in ji Impi. "A gabana ya faɗa. Ni ce shaida a kansa, ni ce shaida a kanka. Kama hanyarka."

Ta janye wuƙar, ta tura ƙofa. Wata iska mai warin taɓo ta ratsa tsakaninsu ta fita, wutar murhu ta mutu murus. Kaisla ta sulale jikin uwarta, ɗumi ya fara dawo mata.

Raimo ya ɗauki diga ya gangara kwari, ya tumɓuke kwando na bakwai, ya jawo shi a ƙasa har bakin hanya. Jarkko ya diro daga motarsa yana ihu.

"Ka haukace ne? Ciyawar nan ban ga kamarta ba duk bana! Na riga na kafa kyamarori a kanta!"

"Kwashe su."

"Idan na kwashe na rantse ba zan dawo ba, Raimo. Sai dai ka koma saran itace."

"Na ce kwashe su, kafin in zuba maka su a tafki."

Da safe aka tura 'yan wasa filin tsallaken tafki, a can aka yi gasar. Kaisla ta yini a asibiti ana ɗaure mata yatsu. Likita ya ce za su warke, amma biyu daga ciki ba za su sake lanƙwasawa yadda take so ba. Tun daga wannan ranar, jifan tsakuwa ya tsaya a gidan. Magana ma ta tsaya tsakaninta da ubanta. Ya shigo kicin ta fita, ya ajiye mata kofi ta bar shi ya huce.

Shi kuwa kullum yana kwari da shebur da bokiti, sauro na cinsa, tafin hannunsa ya tsattsage. Abin da tifa ta juye ba ya kwasuwa da wuri. Ganye ya fara yin rawaya, yana nan yana haƙa. Wata yamma ya ji taku a bayansa. Kaisla ce, hannunta na dama a aljihu. Ta daɗe tana kallonsa a cikin ramin.

"Ban yafe maka ba," ta ce.

"Na sani."

"Kuma ba taya ka na zo yi ba. Mai ruwan cewa ya yi da hannunka." Ta zauna a kan kututture. "So nake in ga fitowar ruwan."

Ya ci gaba da haƙa. Rana ta kusa taɓa tafki sai shebur ɗin ya fito da danshi. Ya ajiye shi, ya durƙusa, ya shiga kwasar sauran da yatsunsa, har ruwa mai sanyi ya taso ya rufe masa wuyan hannu. Ya ɗago ya dube ta. Ita ruwan take kallo.