Madafin da Ya Juya wa Inna Baya

Hayaƙi ne ya fara jawo maganar. Ran nan da hantsi Barmo ya dawo Gangara daga Agadas, ya tarar da amaryarsa Sakinatu durƙushe a tsohuwar rumfar dahuwa tana hura ɗanyen icce, hawaye shaɓe-shaɓe. Gefenta mahaifiyarsa, Inna Yagana, tana zaune kan ƴar kujerarta ta tsuguno tana tari, amma tarin bai hana ta ba da umarni ba.

"Ke ƴar nan, ƙara gishiri! A gidanku ba a san shi ba ne?"

Barmo yaron mota ne, yana bin kamiyo, wato babbar motar da ke kai geron ƙasar Damargu arewa, a shekarun nan na farkon ƴancin kai. Shi ne autan Inna. A kasuwar Tanut ya fara ganin Sakinatu tana sayar da fura, ya yi ta sayen furar da cikinsa ba ya buƙata har sai da aka ɗaura aure. Ran nan kuwa, ganin idanunta sun yi jawur da hayaƙi ya sa zuciyarsa ta karye.

"Bon, wahalar nan ta ƙare," in ji shi bayan sun keɓe. "Kwizin zan gina miki, irin na gidan komanda mai mulkin gari!"

Ta rufe baki tana dariya. "Madafi dai, Malam. Amma ka fara gaya wa Inna."

Ya gaya mata kuwa, sai dai a gurguje, ƙafa ɗaya a waje. Inna ta ce, "To." Duk wanda ya san tsohuwar nan ya san akwai "to" ɗin da ba amincewa ba ce.

Aka kira Hamma magini, wani dattijo mai taba a baki kullum, wanda ba ya son a koya masa aikinsa. Ya zagaya tsakar gida, ya ja zane da ɗan yatsan ƙafa, ya tofar da miyau.

"Nan za a yi shi. Ƙofa ta kalli yamma."

Aka kwaɓa laka, aka buga tubali, gini ya fara tashi. Sakinatu ce mai kai wa ma'aikata ruwa da fura, kuma wata rana da Inna ta tafi barkar haihuwa, sai ta ɗauko kujerar tsohuwar a ƙarƙashin mayafi ta kai wa Hamma.

"Baba, alfarma nake roƙo. Ka yi mini dakali kusa da murhu, daidai tsayin wannan. Gwiwoyin Inna ba sa son abin da ya fi haka ko ya gaza. Ka yi masa majingini, sannan ka huda ƴar alkuki ta ajiye kaya a bango, a hannun hagu, don kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa."

Hamma ya kalle ta, ya gyaɗa kai. Ya karyo karan dawa ya auna kujerar, ya gutsure inda ta tsaya.

Ashe Rahamatu, yayar Barmo, ta shigo aron turmi, tana laɓe jikin zana. Ita kuwa Rahamatu, Allah ya ba ta ido, bai ba ta haƙurin tambaya ba. Inna na dawowa ta tare ta tun daga zaure.

"Inna, kina zaune ana haƙa miki rami! Da idona na gani, an kai kujerarki an auna ta da kara. Me ake aunawa da kara a garin nan in ba gawa ba? Kuma fito ki duba ginin. Daga ƙofar ɗakinki me kike gani? Bayansa! Ta sa an juya miki baya don kada ki ga abin da ke cikin tukunyarta."

Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta duba. Gaskiya ne, bango ne kawai a gabanta, ɗanye, ba ko taga. Tsoron da ta daɗe tana ɓoyewa ya fito fili, cewa wata rana za a raba tukunya, a bar ta ita kaɗai ana aiko mata da tuwo kamar baƙuwa.

Da Barmo ya dawo daga tafiya ta kira shi, ta kira matarsa.

"Auta, ban ce ka sake ta yau ba, damina ta kawo kai, ba a korar mutum da shuka a ƙasa. Amma da an ɗaure gero, ta tattara nata ya nata. Ko ita ko ni!"

Sakinatu na durƙushe, kai a ƙasa. Suruka ba ta mayar wa uwar miji magana, ko da gaskiyar tana bakinta. Sai a ɗaki ta fashe da kuka ta kwashe komai ta gaya wa mijinta. Ya koma wurin Inna da gudu.

"Inna, dakali ne fa! Dominki aka yi. Ki zo ki gani da idonki."

"Ta riga ta shanye ka. Ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba."

Aiki dai bai tsaya ba. Hamma ya yi rufi, ya bar ƙananan kafofi can sama don hayaƙi, ya kafa indararo. Dodo maƙeri ya buɗe tsohuwar gangar mai ya ƙera ƙyaure, suka yini suna faɗa da Hamma a kan ko ƙofar ce ta karkace ko ƙyauren, kowa na rantsuwa da sana'ar ubansa. A ƙarshe aka sassaƙe kaɗan nan, aka bubbuge kaɗan can, ƙyaure ya zauna.

Madafi ya kammala, fes da shi, amma ba wuta. A gidan su Barmo, uwar miji ce ke kafa wa suruka duwatsun murhu da hannunta, sannan a ɗora tukunya. Inna kuwa ko kallon wajen ba ta yi.

"Ni zan kafa miki su!" in ji Barmo a fusace. "Duwatsu ne fa, ba wani abu ba."

"Wallahi ba za ka kafa ba," in ji Sakinatu. "In na hura wuta a can ba da hannunta ba, maganar Yaya Rahamatu ta tabbata. Gara in ci gaba da shan hayaƙin."

"Idan girbi ya zo fa?"

Ta share ido. "In tafi ina sonka, ba tare da na raba ka da uwarka ba."

Haka ta ci gaba da dahuwa a tsohuwar rumfa, Inna na gefe ba ta ko amsa gaisuwarta. Gero ya yi kai a gonaki, kowa na murna, ita kuwa kullum tana ƙirga kwanakin da suka rage mata.

Wata la'asar, Barmo na gona, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin a ce a kwashe kaya iska ta iso, ta ɗage rufin rumfar gaba ɗaya, ruwa ya biyo baya kamar da ƙwarya. Inna ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Sakinatu ba ta tsaya neman izini ba, ta sunkuce ta a baya, ta faɗa ɗakin da ya fi kusa, wato sabon madafin, ta sauke ta a kan dakali.

Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ji ta zauna daram, gwiwoyinta ba su ce komai ba. Bayanta ya sami majingini. Ta kwance ƴar gwangwanin goronta daga bakin zane don kada ya jiƙe, hannun hagunta ya kai shi cikin alkuki tun kafin ta san da ita. Ta waiga ta dubi ƙofa. Ruwa na dukan bangon gabas kamar zai fasa shi, ƙyaure a buɗe, amma ko ɗigo bai shigo ba.

"Ni ma fa ƙofata yamma take kallo," ta faɗa a hankali. "Haka mahaifin su Auta ya gina ta, saboda hadari. Kullum ta nan nake fita, amma na manta." Ta shafa bakin alkukin. "Wa ya gaya wa Hamma zancen kafaɗata? Ko ƴaƴan cikina ba su lura ba."

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Sai tsohuwa ta fashe da kuka, ta jawo ta jikinta.

"Yafe mini, ɗiyata. Tsoro ne ya rufe mini ido."

Ruwa na ɗaukewa Barmo ya shigo a jiƙe, ya tarar da uwarsa cikin taɓo tana mirgino duwatsun tsohon murhunta, waɗanda ta yi aure da su. Ya sa hannu zai kama, ta doke hannun.

"Kauce, ba aikinka ba ne!"

Ta kafa su a sabon madafi da bismillah, ta aika a kira Rahamatu ta zo ta roƙi gafara, sannan ta koma kan dakalinta. Hayaƙi ya miƙe ya fice ta kafofin Hamma, ba wanda ya yi tari.

To, ƴan uwa matasa, ku duba. Da Sakinatu ta hura wutar nan da fushi, da ta sami madafi ta rasa gida. Ta yi haƙuri ta bar alherinta ya yi mata magana. Ku kuma iyaye, kada ku yanke hukunci a kan abin da aka hango ta bayan zana.

Da aka ɗaure gero a shekarar, ba wanda ya tattara kaya. Inna ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska.

"Sakinatu, ƙara gishiri."

Karo na farko ke nan da ta kira ta da sunanta, kuma gishirin ya riga ya ji.