Hammatar Ango

Ranar kasuwar Ajingi Usaini ya fara ganin Zulfa, buhun gyaɗa a kafaɗarsa, rigar ƙwallo ta leda ta manne masa a baya. Daga Gaya ta zo saya wa innarta gyaɗar ƙuli. Ya sauke buhun a gabanta ya yi murmushi, ita ma ta yi, sai dai ta ɗan ja da baya. Shi ya ɗauka kunya ce. Mu maza haka muke, kowane abu sai mu fassara shi ta inda zai yi mana daɗi.

Kafin kaka ta wuce ya san hanyar gidansu, tana ce masa Sahibina, yana ce mata 'Yar Gaya.

Matsalar ita ce Datti, mai shagon caji a unguwar su Zulfa, wanda shi ma yake neman aurenta. Ranar da Usaini ya je gaida Malam Inuwa, mahaifin Zulfa, daga kasuwa ya taso, ya zazzage rabin kwalbar turare a kan rigar jiya. Turare da tsamin hammata suka kama kokawa a zauren, ba wanda ya ka da wani. Datti, da ya riga shi zuwa gaisuwa, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya tambaya cikin ladabi ko bunsurun wani ne ya tsinke. Zaure ya kwashe da dariya. Da Usaini ya fita, Malam ya sa aka shanya tabarmar da ya zauna a kai, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san tsafta cikon addini ce ba.

Usaini ya rantse sai ya rama. Ba da duka ba. Sai ranar da Datti ya cusa hancin nan nasa a hammatarsa ya nemi abin faɗa ya rasa.

Ana haka Zulfa ta aiko masa da ƙullin leda: reza, sabulu, dunƙulen alimun. Ya ɗauka ita ma ta bi sahun masu dariya, ya daina ɗaga wayarta. Sai ta turo saƙo:

"Sahibina, fushi kake? Gumi shi kaɗai ba ya wari, ƙwayoyin cuta ne suke cin sa a gashin hammata. Ka aske, ka yi wanka da sabulu safe da yamma, ka goge jiki ya bushe, ka jiƙa alimun ka shafa. Turare a kan datti ɓarna ce. Rigar ledar nan ka ba wuta, ka rage ɗanyar albasa a gurasa. Kusa da kai nake so in zauna, ba daga nesa ba."

Ya karanta ya sake karantawa, ya amsa: "Na ji, 'Yar Gaya. Amma albasar ki bar min rabi."

Ya kama tsafta kamar mai wasa wuƙa. Duk jan reza fuskar Datti yake gani. Ya sayi singiletin auduga, ba ya maimaita riga sai ta ga ruwa da rana. Da ya koma gaban Malam Inuwa, da gangan ya zaɓi tsakar rana. Tsohon ya ja numfashi, ya sake ja, ya ce a turo magabata.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Gaya, rana tana ƙuna. Ana shafa fatiha ango ya keta jama'a ya nemo Datti. Ya naɗe hannun babbar riga, ya rungumo shi, ya danna kan Datti a hammatarsa, ya ƙi saki.

"Malam Datti, an ga bunsurun kuwa?"

Datti ya ce Allah ya sanya alheri, ya sulale.

Da Usaini ya ba amarya labari, har da kwaikwayon yadda maƙiyi ya rasa bakin magana, ta yi dariya ta ce Allah ya shirya mata shi. Ya ce ita ce turarensa, ta ce a'a, ita alimun ce dai. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Shi kuwa Datti, tun farkon makon mura ta toshe masa hanci.