Abin da Zaharadeen Ke Jefawa a Baki

A motar haya daga Kazaure zuwa Roni Bahijja ta fara ganinsa, kuma gaskiya ganin farko bai yi mata daɗi ba. Su huɗu aka cusa a baya, shi a jikin taga, ita a gefensa rungume da ledar littattafan 'yan aji huɗu da take koyarwa. Ta gaishe shi, ya ɗaga mata kai kawai ya juya fuska waje. Har suka wuce gonakin gero bai waiwayo ba. A ranta ta ce, wannan ko ɗan waye, girman kai sai ka ce shi ya sayi motar.

Da suka sauka a tashar Roni ledar ta yage, littattafai suka watse a ƙasa. Ya sunkuya ya tattara mata. Kafin ya miƙo, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan ƙullin takarda, ya tsakuri wani abu ya jefa a baki, ya ɗan tauna. Sannan ya dube ta.

"Malama, ki yi haƙuri da ni. A cikin mota ba na iya magana."

"Juwa take sa ka?"

"Kusan haka," ya ce yana murmushi.

Murya ce mai taushi, kuma murmushin ya zauna masa. Haushin da ta kwaso tun daga Kazaure ta neme shi ta rasa. Sunansa Zaharadeen, malamin gona ne a Gwiwa, ya zo duba gonar wani. Kafin su rabu ya san gidansu, ya san sunan babanta, Malam Muhammadu Lawal, kuma lambarta tana wayarsa.

A rubutu Zaharadeen ba ya gajiya. Tana cikin aji saƙo zai shigo:

"Bahijjata, yau na je duba wata gonar wake, mai gonar yana ta yi min bayanin tsutsa, ni kuwa ina ta tunanin ko kin karya. Allah Ya sa ban ba shi shawarar banza ba."

Ita kuma ta mayar: "Malamin gona, ka riƙe aikinka da kyau, kar manoman Gwiwa su ja min Allah Ya isa."

Alhamis da Lahadi bayan la'asar yake zuwa zance a kan babur ɗinsa. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya je can ƙarshe ya zauna, har sai ta ce masa ya ɗaga murya. Ta ɗauka kunya ce, kuma kunyar ta ƙara masa daraja a idonta. Ƙullin takardar nan ma tana gani, duk zuwa sai ya jefa kafin ya yi sallama, amma ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Mamuda ne ya kawo mata. Ɗan yayan Ummanta ne, yana aiki a sakatariya a Kazaure, kuma tun tana sakandare yake cewa ita tasa ce, ita kuwa ko a mafarki. Ranar wata Asabar ya zo gaida Umma, ya daɗe a ɗaki ana magana ƙasa-ƙasa. Washegari da Zaharadeen ya zo, Umma ta laɓe a zaure tana leƙe. Yana tafiya ta kira Bahijja.

"Zauna. Mamuda ya ce kasuwa uku a jere yana ganin yaron nan yana shiga rumfar Tasalla mai magani a Gwiwa. Ban yarda ba sai yau da na gani da idona. Me yake jefawa a baki kafin ya yi miki magana?"

"Umma, ban sani ba. Ƙila alewa ce."

"Alewa a ƙullin takarda? Ke yarinya ce. Akwai maganin da namiji zai tauna ya yi wa mace magana, ko rijiya ya ce ta faɗa sai ta faɗa. Mun ga an yi."

"Umma, Zaharadeen ba haka yake ba."

"To ba ni amsa. Ranar da kika dawo daga Kazaure, ba ke kika ce min kin zauna kusa da wani mai girman kai ba? Daga ƙinsa zuwa sonsa, me ya shiga tsakani?"

Bahijja ta tuno tashar Roni, littattafai a ƙasa, hannunsa a aljihu. Wallahi haka aka yi. Sai da ya tauna ya yi magana, sai da ya yi magana ta ji haushin ya tafi.

A satin nan manyan Zaharadeen suke shirin zuwa gaisuwa. Baba ya aika a ce su dakata tukuna. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne, cewa kawai ya yi ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya shigo ta bayan gida ba.

Dakatarwar ba ta dame ta kamar abin da ke cikin ranta ba. Son nan da take ji, nata ne ko sa mata aka yi? In wayarta ta yi ƙara ta ji sanyi a zuciya, sai ta tsargu da sanyin. In ta yi kewarsa, sai ta ce ko maganin ne ke aiki. Mutum ya rasa yarda da zuciyarsa, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ta rame, har shugaban makarantarsu ya tambaye ta ko zazzaɓi take yi.

Ta rubuta masa: "Mene ne abin da kake jefawa a baki?"

Amsar ta daɗe ba ta zo ba, shi da ba ya minti biyu. "Ba wani abu ba ne, sanyin idona. Don Allah ki bar maganar."

Da ma bai amsa ba, da ya fi mata.

Ranar kasuwar Gwiwa ta ce za ta je sayen wake, ta hau mota. Rumfar Tasalla ba ta da wuyar samu, tana bayan masu tukwane, saiwoyi da ɓawon itace a jere cikin ƙore. Tsohuwa ce 'yar siririya mai kaifin ido. Bahijja ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ambaci sunansa.

"Au, ke ce ta Ronin," Tasalla ta ce tana ƙare mata kallo. "Lallai yaro ya iya zaɓe."

"Inna, don girman Allah, me kike ba shi?"

"'Yar nan, da zan riƙa faɗin abin da ke kawo mutane wurina, da tuni an ƙone rumfar nan. Je ki tambaye shi."

"Na tambaya, ya ƙi."

"To ni ma na ƙi."

Bahijja ta dawo gida da wake mudu biyu da zargin da ya fi na da. Ashe tsohuwar ma ta san da ita, har da garinsu. Bayan magariba ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Gobe ka zo bayan la'asar. Tun daga safe kar ka taɓa abin nan, kuma kar ka zo da shi. In ba za ka iya ba, kar ka sake zuwa gidanmu."

Ya amsa: "Zan zo. Amma na san gobe za ki rabu da ni."

Ta karanta sau uku. Me ya rage kuma? Ai ya amsa laifinsa da bakinsa. Ta kifa kai a filo ta yi kukanta.

Washegari ya zo. Ta shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama, ya tsaya can jikin babur yana kallon ƙasa. Umma tana zaure, Bahijja tana jin motsinta.

"Ka zo da shi?"

Ya girgiza kai.

"To matso ka zauna."

Ya zo ƙarshen tabarma, wurinsa na kullum.

"Ba nan ba. Matso."

Ya matso kaɗan, gumi yana tsatstsafo masa a goshi. Ta ce ya ƙara. Sai da ya rage taku ɗaya tsakaninsu ta ce, "Yanzu dube ni ka yi min magana."

Ya ɗago. "Bahijja," ya ce.

Ba za a yi ƙarya ba, wari ne ya bugo ta, mai nauyi, irin wanda ke sa mutum kau da kai bai shirya ba. Ta kau da kai. Ya gani, ya sa hannu ya rufe baki, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kin ji ko? Shi ne. Shekara uku ke nan. Haƙori ne a can ciki ya ruɓe, ni kuma tsoron cirewa nake yi, ban san ranar da zan daina ba. Inna Tasalla take haɗa min kanumfari da citta da busasshen na'a-na'a. In na tauna, ciwon ya lafa, warin ya kwanta na ɗan lokaci. Ita ma kullum sai ta ce min nata ɓoyewa yake yi, in je asibiti. Akwai wadda na taɓa nema a Babura. Ba ta faɗa min ba, ƙawayenta ta faɗa wa. Ina wucewa suna toshe hanci suna dariya. Na gwammace ki ɗauke ni komai da ki san wannan."

"Har da mai asiri?"

Ya zaro ido. "Asiri? Ni?"

Ashe shi ko kusa bai san abin da ake zarginsa da shi ba. Bahijja ta saurari zuciyarta. Ga shi a gabanta, babu komai a bakinsa sai abin da ya fi jin kunya a duniya. Ta laluba inda son yake zama, ta same shi yana nan daram, har ya ƙaru da tausayi. Dariya ta kubce mata, hawaye suna zuba.

"Dariya kike min," ya ce a hankali, yana shirin tashi.

"Zauna, Malamin gona. Wallahi bakinka yana wari, ba zan ɓoye maka ba. Kuma wallahi ina son ka. Kwana goma ina tsoron ba ni ke son ka ba, yau na san ni ce."

Sai aka yi gyaran murya a zaure. Umma ba ta fito ba, ina ita ina tsayawa gaban mai neman 'yarta. Daga ciki ta yi magana, muryarta a sanyaye.

"Bahijja, ce masa ya riƙa tafasa ganyen gwaiba da ɗan gishiri yana kuskure baki safe da yamma."

Zaharadeen ya zame daga tabarma ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Ki ce wa Umma na gode."

"Ce masa in yana asuwaki ya riƙa kankare harshe, can baya. Ya yawaita shan ruwa, masu yawon gona ba sa sha." Ta ƙara da cewa, "Kuma ce masa namiji guda da shi yana tsoron cire haƙori, abin kunya. Gobe ya tafi asibitin Kazaure." Sai ta sassauta murya. "Ce masa ya yafe min."

Ranar Talata saƙo ya shigo tana aji: "An cire, Bahijjata. Ban yi kuka ba, sai dai likitan zai iya ba ki wani labarin daban."

Da kumatun ya saɓe, shi da kansa ya je ya durƙusa gaban Baba ya faɗi komai, bai rage ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce wanda zai iya faɗin wannan a gaban surukinsa ba zai ɓoye wa matarsa wani abu ba, don haka ya je ya turo manyansa. Mamuda ya yi ta yawo da maganar cewa ai an dai rufe ne, har ya gaji, don Umma da kanta ta ce masa ya kama bakinsa.

Bayan an kwashe amfanin gona aka sa rana. Asabar da hantsi, mutanen Gwiwa suka cika ƙofar gida da babura da motoci biyu. Kafin a fita ɗaurin aure Baba ya aika a kira masa Bahijja. Ta shigo lulluɓe, ƙafa da hannu sun sha lalle, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Bahijja, yanzu zan fita in ba da ke. An yi maganganu da yawa a kan auren nan, har da nawa. Ina so in ji daga bakinki. Da yardarki?"

Amare a nan sukan yi shiru ne, a ce shirun ya wadatar. Ita kuwa ta ɗan ɗaga mayafi.

"Da yardata, Baba. Na bincika, tawa ce."

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa ku rufa wa juna asiri."

Daga bayan labule Umma ta amsa da amin, tana share ido da gefen zani. Baba ya gyara hularsa ya fita wurin jama'a.